Tafiyata Wad Madani Don Ganin Wasan Ƙarshe Na Ƙanena

Watanni kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗan baffana ya aiko mini da saƙon murya daga Wad Madani yana shaida mini cewa gwiwarsa ta hagu ta ƙi, kuma da zarar kakar wasan da ake ciki ta ƙare zai rataye takalmi. Ya ce, "Yaya, shekara goma sha huɗu ina buga ƙwallo, amma babu ko mutum ɗaya daga dangin Kano da ya taɓa ganina a fili." Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ya faɗa. Kakansa da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Nasa ya bar ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar sauke farali, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya noma a Mai Wurno, ya yi aure, kuma daga nan bai sake ganin gida ba. Na nemi biza, na hau jirgi daga Kano, na sauka Hartum cikin hunturu.

Kwana ɗaya kawai na yi a babban birnin. Da sassafe na nufi Mina al-Barri, babbar tashar motocin da ke kudancin gari, na shiga bas mai zuwa Madani, tafiyar kusan kilomita 190. Hanyar tana bin gefen Bahar Azrak, wato reshen kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha, ta ratsa Kamlin da Hasahisa, kuma duk inda ido ya kai ƙasa ce baƙa a shimfiɗe, magudanan ruwa sun yanka ta gida-gida. Wannan ita ce Jazira, gandun noman rani da ya kafu bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, inda Hausawa da yawa irin kakan ƙanena suka zubar da gumi wajen cirar auduga. Dattijon da ke zaune kusa da ni, da ya ji daga Najeriya nake, sai ya tuna mini cewa a 1989 ƙungiyar Al-Merrikh ta birnin Umdurman ta doke Bendel United ta Najeriya ta ɗauki kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu. Ya kuma lissafa mini 'yan Najeriyar da suka taka leda a Umdurman, irin su Kelechi Osunwa da Stephen Worgu. Da na faɗa masa ƙungiyar da ƙanena ke yi wa wasa, sai ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce bai taɓa jin sunanta ba. Ban ga laifinsa ba. Sudan na cikin ƙasashen da suka kafa hukumar ƙwallon Afirka a 1957, ta kuma ɗauki kofin nahiyar a 1970, amma a bakin yawancin mutane ƙwallon ƙasar sunaye biyu ne, Al-Hilal da Al-Merrikh, waɗanda suka kwashe kusan dukkan kofunan gasar cikin gida.

A tashar Madani na same shi yana jirana a cikin raksha, wato irin keken da muke kira adaidaita sahu. Da ita yake neman abincin iyali tun daga asuba har zuwa azahar, sannan ya tafi atisaye da la'asar. Da ya fito ya rungume ni na lura yana ɗan ɗingishi, kuma duk inda muka bi a kasuwa sai an ɗaga hannu an ce, "Ya kabtin!" Haka ake kiran duk wanda aka sani da ƙwallo a can.

Da dare ya kai ni wurin wani mai agashe, naman da Hausawa suka koya wa Sudan gashinsa har sunan ya zauna a bakin Larabawa, kuma a kan tabarmar nan ya warware mini rayuwarsa. Ya fara ne da dafuri, ƙwallon yara ta unguwa da ake bugawa ba takalmi, a kan yashin bakin kogi a Mai Wurno. Daga nan ya shiga gasar matasa ta unguwanni, inda wani mai neman 'yan wasa ya gan shi ya kai shi wata ƙungiya mai mataki na uku a Sinnar yana ɗan shekara sha bakwai. Ya bayyana mini cewa kowane babban gari yana da hukumarsa ta ƙwallo da matakanta na ɗaya da na biyu da na uku, kuma wadda ta zama zakara a mataki na ɗaya ita ke shiga gasar neman gurbi, inda za ta kara da zakarun wasu garuruwa kafin ta yi mafarkin hawa babbar gasa da suke kira Mumtaz. Sau biyu ya kai wannan gasa ta neman gurbi, sau biyu ana fitar da su. Ya yi Sinnar, ya yi Kosti, ya yi Gadarif, sannan ya dawo Madani, kuma sau ɗaya wata ƙungiyar babbar gasa ta kira shi gwaji a Hartum, ya yi mako uku yana kwana a ɗakin wani ɗan garinsu, ya ci ƙwallaye a wasannin atisaye, a ƙarshe aka ce ya koma za a neme shi. Ba a neme shi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayanin da ya yi mini kan kuɗi, domin mu da muke kallon ƙwallon Turai a talabijin mun ɗauka duk wanda aka kira ƙwararren ɗan wasa ya fita daga talauci. A matakinsu, kuɗin kirki shi ne wanda ake ba mutum ranar da ya sa hannu a lokacin rajista, wanda suke kira tasjilat. Bayan wannan sai ɗan alawus na wata da ba kullum yake zuwa ba, sai kuma tukuicin nasara, wanda yawanci daga aljihun wani ɗan kasuwa mai son ƙungiyar yake fitowa, kuma ranar da kasuwarsa ta yi sanyi ranar tukuici ya yanke. Ya ce akwai ƙungiyar da har yau yake bin ta alawus na wata biyar. Da gwamnati ta karya darajar fam, kuɗin ƙasar, a watan Fabrairun 2021, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a farashin hukuma, abin da ya rage a kwantiraginsa ya koma bai kai kuɗin takalmi mai kyau ba. Sannan akwai kalmar da kowane ɗan wasa ke tsoro, wato shatab, ranar da za a soke sunan mutum daga jerin 'yan ƙungiya, sau da yawa domin ya ji rauni, a bar shi da jinyar kansa.

Amma da hira ta koma kan sana'ar kanta, sai fuskarsa ta sake. Ya ce mai lamba tara a filin ƙasa ba ya jiran ƙwallo ta zo masa a ƙafa kamar yadda ake yi a kan ciyawa, domin tana iya dukan tsakuwa ta canza hanya, saboda haka ya koyi tarar ta tun tana sama, ya tare ta da ƙirji yana jingine da ɗan baya, ya juya ta ɓangaren da ya ji nauyin mutumin ya fi sauƙi. Ya ce kafin a fara wasa yakan tsaya ya kalli mai tsaron gidan abokan hamayya yana ɗumama jiki, ya gane hannun da yake jin nauyin faɗuwa a kansa. Ya ɗauki kofunan shayi biyu da akwatin ashana ya nuna mini yadda ake yin kamar za a nufi turke na nesa, sannan a tsinke zuwa na kusa daidai lokacin da ɗan gefe ya ɗaga kai. A ganina wannan ilimi ne na gaske, wanda aka tara da jiki cikin shekaru, kuma abin takaici ne a ce babu inda aka rubuta shi. Shi kansa ya san haka, shi ya sa yake da wani littafin makaranta mai bango shuɗi, inda tun wasansa na farko yake rubuta rana da gari da sakamako da yadda ya ci kowace ƙwallo, da ka ko da ƙafa. Na nemi izininsa na ɗauki hoton kowane shafi da wayata.

Kafin ranar wasa muka je Mai Wurno gaida mahaifiyarsa, kudu da Sinnar kaɗan. Garin ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau Hausa da Fulatanci ake ji a lungunansa. Na durƙusa na ce, "Inna, mun same ku lafiya?" Ta sa aka kawo mini wani abin sha mai sanyi da suke kira godogodo, ta tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya mini cewa ba ta taɓa zuwa kallonsa ba, domin a farkon shigarsa harkar ne, a watan Maris na 2010, Endurance Idahor ɗan Najeriya ya yanke jiki ya faɗi a fili yana yi wa Al-Merrikh wasa, kuma bai tashi ba. Tun daga lokacin, in ji ta, duk ranar da ɗanta ke da wasa tana kan dardumarta har sai ya bugo waya.

An yi wasan ne bayan la'asar, a gaban 'yan kallon da ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, mata masu sayar da shayi da gyaɗa suna zaune a bakin ƙofa. Na gan shi a ɗakin canza kaya yana naɗe gwiwar da bandeji da hannunsa. A minti na ashirin ya samu dama irin wadda ya nuna mini da kofunan shayi, ya tsinke zuwa turke na kusa, ya riga ɗan baya, amma ƙafar ta makara, ƙwallo ta wuce gefe. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci aka yi bugun kusurwa, ya tashi sama ya sauke ta da ka gaban wani yaro ɗan shekara sha takwas, yaron ya zura ta a raga. Ba da jimawa ba koci ya cire shi. Ya miƙa wa mataimakinsa ƙyallen kyaftin, ya tako a hankali, mutanen ɓangarenmu suka miƙe suna tafi suna kiran "kabtin", ni ma na miƙe, hawaye ya cika mini ido. An tashi ɗaya da ɗaya. Babu biki, babu jawabi. A cikin raksha, kafin ya tada inji, ya ciro littafin ya rubuta sakamakon, ya ƙara da cewa shi ya ba da ƙwallon.

Na koma Kano bayan kwana tara. Yaƙin da ya fara a Hartum ya iso Madani a watan Disambar 2023, ƙanena ya kwashi matarsa da 'ya'yansa zuwa Gadarif da kayan jikinsu kawai, ya bar raksha da littafin a gida. Gasar ƙasar ta tsaya, har Al-Hilal da Al-Merrikh suka koma buga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025. Ko bayan da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025, wanda ya leƙa gidan ya ce bai tarar da komai ba. Yanzu yana koya wa yaran 'yan gudun hijira ƙwallo a harabar wata makaranta, kuma a saƙonsa na baya-bayan nan ya ce, "Yaya, idan hotunan nan suna nan a wayarka, ka turo mini su, ina so in sake kwafe su a sabon littafi." Na tura masa shafi arba'in da ɗaya a daren, ɗaya bayan ɗaya, saboda intanet ɗinsu ba ya ɗaukar biyu a lokaci guda.