"Koci, ai ba ka tambaye ni ba"

Ina cikin shekarata ta biyu da fara horas da mutane ɗaya-ɗaya a ɗakin motsa jiki wani dattijo ya zo wurina. Zai yi shekara hamsin da 'yan kai, likita ne ya ce ya fara motsa jiki saboda hawan jini da ƙiba. Ranar farko na ɗora shi a sikeli, na auna ƙugunsa, na zana masa jadawalin wata uku: kwana huɗu a mako, tafiya da sassarfa, ɗaga ƙarfe marar nauyi, tsugunne-tashi, miƙe jiki. Na faɗa masa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, na zarce da yadda zuciya ke ƙara ƙarfi da yadda tsoka ke cin sukarin da ke cikin jini. Na kusa minti arba'in ina zuba. Shi kuwa "to" kawai yake cewa yana gyaɗa kai. Na koma gida ina ganin na sauke nauyi.

Sau biyar ya zo, sai ya ɗauke ƙafa. Na tura masa saƙo na ce, "Alhaji, kwana biyu ba mu ganka ba. Ka san fa in ba a dage ba, ba a ganin sakamako." Ya karanta bai amsa ba. A raina na sa shi cikin jerin masu raki, na ci gaba da harkata.

Bayan wata huɗu muka yi kiciɓis a ƙofar ɗakin motsa jikin, ya kawo ɗansa. Muka gaisa, na tambaye shi ko lafiya. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Koci, gwiwata ta hagu ce. Duk ranar da muka yi tsugunnon nan, ba na samun barci. Ga kuma samari cike da wurin, ni da furfurata ina haki a gabansu." Na ce, "Haba Alhaji, me ya hana ka faɗa mini?" Ya dube ni ya ce, "Ai ba ka tambaye ni ba."

Maganar ta daɗe tana ci na, domin a ganina na tambaya. Na tuna na ce masa, "Babu wata matsala dai ko?" Amma na faɗe ta ne idona a kan takarda, biro a hannu, kuma tambayar da kanta ta riga ta nuna masa amsar da nake so. Mutumin da ya zo wurin koci, ko shi wane ne a waje, a ranar farko a ƙasa yake jin kansa. Ya tuɓe manyan kaya, an auna masa tumbi, yana tsaye gaban wanda ya fi shi ƙuruciya da ƙarfi. Irin wannan ba zai katse ka ya ce yana jin kunya ba. Zai ce "to", ya jure gwargwadon iyawarsa, ya ɓace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na hau rufin da kayan gyara ban tsaya na ji daga bakinsa ba.

Daga nan na shiga neman abin da masana halayyar ɗan Adam suka ce a kan wannan. Abin da ya fi kama ni shi ne aikin William Miller, Ba'amurken da ya fara rubutu a 1983 kan yadda ake magana da masu fama da shan giya, wanda daga baya ya faɗaɗa hanyar tare da Stephen Rollnick. Sun lura cewa duk mai son taimakon wani yana da wani ƙaiƙayi na gyara: da ya ga mutum ya karkace, sai ya hau jero masa dalilan da za su sa ya canza. Shi kuwa mutumin dama zuciyarsa biyu ce, yana so kuma ba ya so. In ka ɗauki ɓangaren "ya kamata", ka bar masa ɓangaren "amma", sai ya yi ta kare shi, yana jin kansa yana faɗa, har ya ƙara gaskata shi. Saƙon da na tura wa Alhaji irin wannan ne sak. Na gaya masa abin da ya riga ya sani, na ƙara masa nauyin laifi a kan ciwon gwiwa.

Wadda na fara gwada sabon salo a kanta wata mata ce mai 'ya'ya uku, ma'aikaciyar ofis. Na kife takardar jadawalin a kan tebur na ce, "Hajiya, me ya sa yanzu? Me ya faru da kika ce bari ki zo?" Ta ce tana so ta rage ƙiba. Na yi shiru. Shirun nan ya yi mini wuya ƙwarai, bakina cike da bayani. Can sai ta ce, "Gaskiya ba ƙibar ba ce. Rannan autana ya ruga wajen titi, na bi shi na kasa kamo shi. Wani ne ya riƙe mini shi." Idonta ya kawo ruwa. Na tambaye ta, daga sifiri zuwa goma, ina take ganin ƙarfin gwiwarta na zuwa sau uku a mako. Ta ce biyar. A da, da sai na ce me ya hana ya kai goma, ta jero mini uzuri. Sai na ce, "Me ya sa biyar, ba biyu ba?" Ta fara lissafa da bakinta: ta taɓa yin gudu a makaranta, ƙanwarta za ta iya riƙe mata yara da yamma, kuma ba ta son abin nan ya sake faruwa. Ban ƙara ko dalili ɗaya daga wurina ba. Muka bar maganar sikeli, muka koma auna minti nawa take iya sassarfa ba ta tsaya ba. Ta fara da minti biyu.

Masana halayyar ɗan Adam Edward Deci da Richard Ryan sun yi shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya ɗore a kan abu, suka tsaya kan buƙatu uku: ya ji shi ya zaɓa, ya ji yana iyawa, ya ji yana da alaƙa da waɗanda yake tare da su. Na farkon ne ya fi yi wa koci wuya, don muna ganin in muka ba da zaɓi ƙimarmu za ta ragu. Ban ga haka ba. Yanzu nakan ce, "Yau ƙafafu za mu yi wa aiki. Keke kake so mu fara da shi ko matakala?" Inda za a dosa ni na tsara, amma mutum ya sa hannunsa a ciki, kuma abin da mutum ya zaɓa da bakinsa ba ya saurin yar da shi.

A tsakiyar atisaye kuwa, matsalata yawan magana ce. Akwai wani nazari da ya gyara mini zama. Roland Tharp da Ronald Gallimore sun zauna suna kallon John Wooden, kocin ƙwallon kwando na jami'ar UCLA wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10, a kakarsa ta ƙarshe ta 1974 zuwa 1975. Suka rubuta duk abin da ya faɗa ko ya nuna a filin horo, sama da guda 2,300. Kusan rabi umarni ne tsagwaronsa kan abin da za a yi da yadda za a yi shi. Yabo bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba, faɗa ma wajen haka, kuma da wuya ya yi magana ta wuce daƙiƙa 20. Ni kuwa mutum yana ƙarƙashin ƙarfe, jijiyar wuyansa ta tashi, ina ce masa ya miƙe baya, ya buɗe ƙirji, ya lura da gwiwa, ya ja numfashi, duk a lokaci guda. Wanda ke haki abu ɗaya kunnensa ke ɗauka. Na koma gyara ɗaya a kowane zagaye, sauran in ajiye sai an huta.

Kalmar da ake zaɓa ma tana da tasiri. Binciken Gabriele Wulf tun ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa mutum ya fi koyon motsi in aka karkata hankalinsa ga abin da ke wajen jikinsa maimakon gaɓoɓinsa. Na gwada na gani. In na ce "miƙe gwiwoyinka da ƙarfi", sai mutum ya sandare yana tunanin gwiwa. In na ce "ture ƙasa da ƙafafunka", sai ya tashi sumul. Yabo kuma na daina na "madalla, kai gwani ne". Nakan ce, "Ka ga wannan karon dugaduganka ba su ɗaga ba? Makon jiya suna ɗagawa." Wannan zai iya maimaita shi gobe, don ya san abin da ya yi daidai.

Akwai iyaka da na koya da ɗan ciwo. Idan mutane suka ga kana saurare, sai su fara kawo maka komai: rikicin gida, rashin barci, damuwar da ta fi ƙarfinsu. Wani saurayi ɗan tsere ya riƙa turo mini saƙo tsakar dare, ni kuma ina amsawa don kada ya ga na yi watsi da shi, har na wayi gari ina ba da shawara a kan abin da ba fannina ba. Dole na zaunar da shi na ce, "Ƙanena, ina jin ka, kuma abin da ka faɗa mini ba zai fita daga bakina ba. Amma wannan ya wuce aikin koci, akwai likitocin da suka karanci wannan, zan raka ka in kana so." Ya ji zafi da farko. Bayan mako biyu ya je. Tun daga lokacin nake faɗa wa kowa tun ranar farko lokutan da nake amsa waya, da abin da ke aikina da wanda ba nawa ba. Ciwon da ya wuce tsamin jiki na kwana biyu ko uku, musamman a gaɓa, likita nake tura mutum, ba na cewa a daure.

Alhaji ya dawo, amma ba a ranar da muka haɗu ba. Da dare na rubuta masa: "Alhaji, na yi kuskure da ban tambaye ka yadda ya kamata ba. In ka ga likita kan gwiwar, ka kuma ji kana so mu sake gwadawa, ka zaɓi lokacin da ya yi maka." Sai da aka kwana goma sha ɗaya ya amsa. Ya zaɓi ƙarfe shida na safe, lokacin da wurin babu kowa sai mai shara. Muka cire tsugunno mai zurfi, muka sa keke da tashi daga kan benci, kwana biyu a mako maimakon huɗu, shi ya faɗi adadin. Ranar farko kafin ya hau keken na ja kujera na zauna kusa da shi, na ajiye takardar a ƙasa, na ce, "To Alhaji, gwiwar nan, a wane irin motsi ta fi damunka?" Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗora yatsa a gefen ƙoƙon gwiwar ta ciki, ya fara yi mini bayani.