Asabar a gareji: tiyon iska da hanyar mai

Yau Asabar, kuma kusan dukan yinin ya tafi a kan tsohuwar Peugeot 504 ɗin da na gada daga mahaifina. Tun shigowar bazara take nuna wasu halaye biyu da suka hana ni sakewa. A cikin gari, da zarar na ɗage ƙafa daga totur a shataletale ko a cunkoson Titin Ahmadu Bello da ke nan Sakkwato, sai injin ya kama karkarwa, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya, birki kuma ya yi tauri har sai na taka da ƙarfi kafin ya kama. A kan babbar hanya kuwa, ranar da na je Boɗinga, tafiya take yi lafiya lau har sai da na nemi wuce wata tirela, nan take ta fara shaƙewa tana fizga, ina sassauta totur ta dawo daidai. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce kafireta ce, a kwance ta a wanke, wasu ma suka ce in nemi wata ta hannu in huta.

Da hantsi na kai ta wajen dattijon bakaniken da yake duba ta tun mahaifina yana da rai. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai, bai katse ni ba har na gama, sannan ya ce, “Malam, motar ga ciwo biyu gare ta, kuma ban tsammanin ko ɗaya yana cikin kafireta.” Na ce, “Baba, ta yaya aka gane tun ba a buɗe bonet ba?” Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na zauna rubuta wannan da daddare, domin ta warware mini abin da na daɗe ina gani ban fahimta ba.

Injin fetur yana son iska da mai su haɗu bisa ƙa'ida, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan da nauyi aka auna. Lokacin da mota take silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, totur a rufe yake, iskar da ke bi ta kafireta kaɗan ce, amma zuƙar da ke cikin manifol, wato bututun da ke kai haɗin iska da mai daga kafireta zuwa cikin inji, a lokacin ta fi ƙarfi. Saboda haka ɗan hujin da bai kai ƙwayar gero ba a jikin tiyo zai iya shigo da iskar da ba a haɗa ta da mai ba, haɗin ya tsinke, injin ya kama rawa. Idan aka buɗe totur sosai, iskar hujin ba ta taka kara ta karya ba a cikin wadda ke kwarara ta sama, sai ciwon ya ɓuya. Ƙarancin mai kuwa akasin haka yake: ɗan abin da ke tsiyayowa ya isa silo, amma ba ya isa gudu ko hawan tudu. Ke nan lokacin da mota ta yi ƙorafi shi ne yake nuna inda za a duba, kuma tawa tana yi a lokutan biyu.

Da tiyon iska muka fara. A wannan injin mai silinda 4, wanda aka kwantar da shi a karkace a cikin bonet, tiyoyin zuƙa ba su da yawa, kuma biyu ne suka fi muhimmanci: siriri da ke tafiya daga kafireta zuwa distiributa, da mai kauri da ke tashi daga manifol zuwa baƙin tulun da ke taimaka wa birki. Baba ya sa na kashe mota, na taka birki sau da dama har ya sandare, na riƙe shi a take, sannan na tayar da inji. In da komai lafiya, ya kamata fedar ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafata, amma da ƙyar ta motsa. Sai ya ɗauki filaya ya matse tiyon mai kauri kusa da manifol, kuma a gaban idona karkarwar ta tsaya, ƙarar injin ta daidaita. Ya saki, ta dawo.

Da aka ciro tiyon na karɓe shi na duba da kyau. Daga sama ba ka ganin komai sai ƙura, amma ina lanƙwasa shi sai wata tsaga ta buɗe baki a cikinsa, daidai inda kilif ya ciji robar, gefenta kuma ya yi fari-fari saboda ƙurar da ya daɗe yana zuƙa. Robar ta bushe ta yi ƙamas, ba ta da sauran laushi. Ban yi mamaki ba, domin a Sakkwato zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet, ga kuma bushewar hunturu da ta gabace shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cewa wannan tiyon na birki ne, kuma da iyalina nake shiga motar.

Yaron gareji ya ce a naɗe wurin da robar tiyub a ci gaba, Baba ya hana, ni ma ban yarda ba. Ya kuma gargaɗe shi kada ya karɓo tiyon ruwa, domin wanda ba shi da zare a jikinsa zuƙa za ta manne shi idan ya ji zafi. Kafin yaron ya dawo daga wajen masu kayan gyara, Baba ya gwada siririn tiyon ta hanyar cire murfin distiributa ya zuƙe shi da baki, farantin ciki ya motsa, ya toshe da harshe bai koma ba. Wannan lafiyarsa ƙalau. Fulogi kuwa da aka kwance ɗaya, bakinsa fari ne fat, alamar injin ya jima yana aiki da ƙarancin mai.

Bayan sallar azahar muka koma kan hanyar fetur, daga tanki zuwa gaba. Famfon man wannan mota ba na lantarki ba ne, kamshaf ke motsa shi, kuma wata fatar roba ce a cikinsa take zuƙowa tana turawa. Baba ya cire wayar kwayil don kada wuta ta tashi, ya zare tiyon mai daga kafireta ya zura a gorar ruwa, ya ce in murɗa makulli. Man ya fito, amma a raunane, yana zuwa yana yankewa. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya sansana, bai ji warin fetur ba, wanda ke nuna fatar famfon ba ta yage ba. Sai ya ciro filta ya buga bakinta a tafin hannunsa, ga tsatsa ja-ja da ɗan yashi sun zubo tare da ɗigon ruwa da ya ƙi haɗuwa da man. Da aka saka sabuwa aka sake gwadawa, man ya riƙa feshowa da ƙarfi, a jere.

Ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yake yawan ganin irin wannan, domin mutane sun koma sayen lita kaɗan kaɗan, tankin ƙarfe yana zama kusan wayam, raɓa tana taruwa a ciki tana cin bangonsa, ga kuma man jarka da ba a san inda ya kwana ba. Ya kuma matsar da tiyon man daga kusa da inda zafin salansa ke dukansa, saboda a irin wannan rana fetur yakan zama tururi a cikin bututu, famfo ya yi ta bugun banza.

Kafireta dai ba a kwance ta ba. Abin da aka yi mata kawai shi ne mayar da sukurun silo inda ya dace bayan injin ya ɗau zafi. Ina ganin daidai ne, domin da an fara da ita, da an daidaita ta a kan iskar huji, mai ya ƙaru a banza, birki kuma ya ci gaba da tauri. Motar da aka fara fitarwa a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna tun 1975, an yi ta ne yadda mai ido da kunne zai iya bin ta gaɓa-gaɓa, kuma ina jin takaici idan na ga ana yi mata gyaran canki-canka.

Da la'asar sakaliya muka fita gwaji ta hanyar Wamakko. Ta yi silo a tsaye ba rawa, birki ya yi laushi yana kamawa tun daga sama, kuma na ba ta wuta a giya ta huɗu ba ta shaƙe ba. Saura tanki, wanda Baba ya ce in ba a sauke shi an wanke ba, sabuwar filtar ma ba za ta daɗe ba. Mun tsayar da ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma ya ce in zo da man da bai wuce kwata ba don a ji sauƙin sauke shi.