Ranar da famfon gidana ya riƙe 'yata

Ƙannena masu shirin kama haya ko tarewa a sabon gida, ku ji abin da ya same ni, ko Allah zai sa ku tsallake ramin da na faɗa.

A Rijiyar Zaki muke zaune. Burtsatse muke sha, sumo yana tura ruwa zuwa tankin roba mai cin lita 1,000 da aka ɗora a kan dekin banɗaki. Wata bazara, cikin zafin Afrilun nan da kan haura digiri 40, mahaɗar fayif ɗin da ya fito daga tankin ta tsage. Haka rana ke yi wa fayif ɗin roba in ya daɗe a fili, ta busar da shi ya yi gautsi. Ɗiga ce kaɗan-kaɗan. Na yanko robar tayar babur na ɗaure wurin tamau, na ce sai ƙarshen wata. Wata ya mutu, wani ya kama, damina ta sauka, ban sake hawa sama ba.

Ashe ruwa ba ya zama inda ya ɗiga. Kwanciya yake a kan deki har ya sami tsaga, ya ratsa bulo, ya faɗa bututun da aka zura wayoyin wuta, ya gangaro har akwatin makunni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma inda ka ga danshi da wuya a ce ta nan ya shigo. Na ga fenti ya kumbura a bangon banɗaki, wani farin abu kamar gishiri yana fesowa, na ce ai marka ce, wane gida ne ba ya haka a watan Agusta?

Daga nan bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in an sami matsala, ta fara faɗuwa, a tayar ta sake faɗuwa. Maimakon in tambayi dalili, sai na kira wani yaro mai ɗan taɓa gyaran wuta, ya cire ta ya haɗa wayoyin kai tsaye. Ni na ba shi izini, ni na biya shi. Wannan ne kuskuren da ya fi ci mini rai har yau, domin abin da ke ƙoƙarin sanar da ni akwai matsala shi na sa aka kawar.

Bayan kwana kaɗan uwargida ta ce, "Maigida, famfon banɗakin nan fa yana tsikarata." Na je na taɓa, ban ji komai ba, na ce mata ba wani abu. Hannuna a bushe yake, ƙafata cikin silifas. Ita kuwa da jiƙaƙƙen hannu take taɓawa, ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen tayil. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, busasshiyar fata tana ɗan tare ta, jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba ta. In mace ko yaro ya ce maka famfo, ƙofar ƙarfe ko firji na tsikari, kada ka gwada da hannunka. Sauke wutar gidan gaba ɗaya, ka nemo gwani.

Ranar da abin ya faru, 'yata mai shekara 7 ta shiga alwalar magariba. Ta kama famfo, hannun ya ƙi saki, domin wuta na sa tsokar hannu ta damƙe. Ihun uwarta na ji. Na zabura zan fizgo yarinyar, yayana da ya kawo mana ziyara ya daka mini tsawa, "Kar ka taɓa ta!", ya ruga ya sauke canji-oba, babban makashin wutar gidan. Da na kama ta da hannu, da mu biyu wutar za ta haɗa. In makashin wuta ya yi nisa, busasshen katako ko sandar roba ake sa wa a raba mutum da abin. Mun kai ta asibiti duk da ta miƙe tana magana, aka duba bugun zuciyarta, domin jan wuta na iya rikita shi ko da ba a ga ƙuna ba. Allah Ya tsare mana ita.

Washegari na haɗa filamba da ƙwararren mai wayarin a lokaci guda, abin da ya kamata in yi tun fari. Aka buɗe akwatin makunnin hitar ruwan zafi da ke bango, ruwa ya zubo, wayoyin sun yi tsatsa. Wayar nan mai ruwan kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, a yanke take tana lilo, ba a taɓa haɗa ta da komai ba. Aka haƙa rami aka kafa ƙarfe, aka zuba gawayi da gishiri, aka haɗa ta. Mai wayarin ya kuma sa mana na'urar da masu sana'ar ke kira RCD, mai miliyam 30, wato ma'aunin 'yar wutar da in ta ɓalle take yankewa. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga zafi da gobara, wannan kuwa da zarar wuta ta fara bi ta jikin mutum ko jiƙaƙƙen bango take yankewa, kafin daƙiƙa guda.

Masu sola da inbata, ku lura: ɗauke wutar kamfanin KEDCO ba ya nufin soket ɗinku ya mutu. Ku nuna wa kowa a gida, har yara masu wayo, inda ake kashe kowace wuta. Kafin ruwan farko, ku hau ku kwashe leda da ƙurar hunturu daga indararo, ku duba ƙusoshin kwano da gindin tanki. In gidan haya za ku kama, ku ɗaga kai ku dubi silin. Tabon ruwa kusa da fanka ko ƙwan fitila, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak, abin tambaya ne kafin a biya kuɗi.

Ni yanzu duk farkon wata nakan danna maɓallin gwaji na na'urar nan in ga ta yanke. An gyara komai, an sake fayif, bangon ya bushe. Amma har yau yarinyar a tsakar gida take cika butarta.