Shekara guda cikin ƙungiyar kartiyenmu, ku ji inda na yi tuntuɓe

Ƙannena, musamman ku da kuka gama lakwal kuna zaune fada kuna jiran aiki, watan nan na cika shekara guda cif cikin ƙungiyar kartiyenmu nan Maradi, kuma wallahi godiya ce cike da bakina, amma na ga in na tsaya ga godiya kaɗai ban faɗa muku inda na yi tuntuɓe ba to ban kyauta muku ba, dan na san ramin da na faɗa shi ne gaban da yawanku.

Ruwan ƙarshen Agustan 2024 ne ya shigar da ni. Ba ɗan Maradin da ya manta da shi, gidajen ƙasa suka zube, aka rasa rayuka, mutane suka koma kwana cikin azuzuwa, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Kafin nan ina dai ganin wasu dattawa da matasa suna zama bisa tabarma ƙofar gidan mai unguwa duk Lahadi bayan la'asar, ban taɓa tambayar mi suke yi ba. Su ne na gani daren nan da tocila, ruwa har gwiwa, suna fiddo da tsofaffi da buhunan hatsi. Washegari na ce nima a sa ni.

Zamana na farko takardu na zo da su. Na gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba da jimawa ba, kaina cike da tsari, ko gama gaisawa ba a yi ba na miƙe ina cewa sai an rubuta dokoki, a kafa biro wato shugabannin ƙungiya, a nemi wata ƙungiyar waje ta ba mu tallafi, rabin maganar ma da Faransanci. Aka yi tsit. Baba mai unguwa ya bari na kai aya sannan ya ce, ɗana zauna ka sha ruwa, gidaje nawa ne a layinku? Na yi shiru. Ya ce wane gida ne ba a ɗora tukunya ba jiya? Nan ma shiru. Bai ƙara komi ba, sai ya haɗa ni da wata inna mai tuyar ƙosai ya ce in bi ta gida gida sati guda. A satin nan na san kartiyen da aka haife ni. Na shiga gidajen da nake wucewa shekara ashirin, na ga mai ciwon da ba ya iya tashi, na ga marayu, na ga kuma mutanen da in an kai musu taimako gaban jama'a ba za su karɓa ba sai dai a bi dare. Daga baya Baba yake ba ni labarin samariya lokacin Seyni Kountché, yadda matasa suke gina azuzuwa da share gari da gayya, ya ce aikin gayya ai ba baƙo ba ne a garin nan. To ku in kun shiga irin wannan zama ku yi wata guda kuna saurare, karatunku yana da rana kuma za a neme shi, amma sai an san ku tukuna.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na kanibo, wato magudanar ruwan bakin layi, har yanzu in na tuna gabana sai ya faɗi. Lokacin an riga an ba ni magatakarda, damina ta kawo kai cikin watan Yuni, kanibon layinmu ya cika da rairayi da leda da tsummokara. Na tara matasa ta WhatsApp, mu kusan 25, aka samo shebur da baro da manjagara. Akwai wani dattijo magini cikinmu, ya ja ni gefe ya ce ɗana abu biyu, a fara daga gangare a hauro, kuma kada a sa shebur sai an kama amalanken da zai kwashe abin da aka fiddo. Na ce to Baba, amma a raina ina ganin jan lokaci ne kawai. Na sa aka fara daga sama wajen bakin titi inda kowa ke wucewa, gaskiya dan a gani ne kuma a samu hoto mai kyau, muka yashe rabi muka tara shara tsibi tsibi bakin kanibon muka ce sauran sai Lahadi mai zuwa.

Bayan kwana uku aka yi ruwa cikin dare. Kun san garin nan bisa tudu yake, tun ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari aka hauro da shi daga bakin gulbi, saboda haka duk ruwan da ya sauka gangarawa yake da ƙarfi yana neman gulbi. Ruwan ya samu hanyar da muka buɗe mishi ya taho a guje, ya kwaso sharar da muka tara, ya iske ƙasa a toshe, sai ya yi kwana ya faɗa gidan wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Katangarta ta faɗi, madafi ya faɗi, Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo.

Da safe na je ƙafafuna na rawa. Na iske ta durƙushe tana shanya jiƙaƙƙen gero bisa tabarma, ƙaramin ɗanta yana tsintar kwanoni cikin taɓo. Na durƙusa na ce inna ni ne na jawo, ki yafe mini. Ta ɗago ta dube ni ta ce ɗana ai alheri ka nufa, tashi ka kama mini bakin tabarmar nan mu ja ta rana. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kafin azahar 'yan ƙungiya sun zo da zana sun kewaye gidan tunda ba a iya buga tubalin ƙasa tsakar damina, mata suka haɗa hatsi tiya tiya, kuma ba wanda ya kira sunana a zaman Lahadi ya ce ga mai laifi. Shi ko Baba magini da aka sake yin ruwa da rana sai ga shi ƙofar gidanmu da buhu bisa kai, ya ce taho. Muka bi ruwan da ƙafa tun daga titi har inda ya fita kartiye, yana nuna mini inda yake karkata da inda yake cin gindin katanga da inda yake kwanciya sauro ya samu wurin haihuwa. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, da a baki na san wannan maganar, ranar nan na gan ta da ido. Duk aikin da za ku yi a unguwa ku nemi wanda ya daɗe yana kallon wurin, kuma kada ku fara abin da ba ku shirya ƙarshenshi ba, rabin yasa ya fi rashin yasa ɓarna.

Sai maganar kuɗi. Kowane gida na ba da dala 20 a sati, ni ke karɓa, cikin aljihuna nake ajewa tare da nawa, ina cewa ai na riƙe lissafin a kai. Wani abokina ɗanshi ya kwanta da masassara na ara mishi jika 10 daga ciki ba tare da na faɗa ma kowa ba, na sayi man babur, na sayi ruwan sanyi ranar aiki, duk ban rubuta ba. Ranar da aka ce a karanta lissafi kuɗi suka ƙi cika kuma na kasa faɗin inda jika 4 suka shiga. Ban ci ko dala ba, amma wa zai shaida? Na ga yadda wasu suka sunkuyar da kai, kuma suna da gaskiya, dan wasu daga kuɗin cefane suke cirewa su ba mu. Wata Hajiya da ta daɗe tana riƙe asusun matan kartiye ita ta fidda ni, ta ce a ba ni sati biyu in cika, sannan ta kira ni gida ta nuna mini yadda suke yi, akwati wurin mutum ɗaya, mabuɗi wurin wani, littafi wurin na uku, duk abin da ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma a karanta da ƙarfi kowane zama ko da dala 5 ce. Na cika kuɗin, muka ɗauki tsarinta. Kada ku yarda kuɗin jama'a su kwana aljihu ɗaya da naku ko kun yarda da kanku, kuma rance daga ciki komi tausayi sai da izinin zama.

Itace ma haka, ranar 3 ga Agusta da ake dashen itace muka dasa bedi 30 ba shinge ba wanda aka ɗora ma kula, jajayen awakinmu na Maradi suka gama da rabi kafin wata ya cika. Waɗanda suka tsira su ne na ƙofar gidajen da mata suka kewaye da ƙaya da tsofaffin buhuna. Matan nan da na daɗe ina sa zama lokacin da suke girki sannan in ce ba sa zuwa, su ne kuma suka riƙa shiga gaba lokacin rabon maganin rigakafin masassara na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, gidan da ya ƙi buɗe ma ma'aikaci ƙofa sai ya buɗe musu. Yanzu mun mai da zaman bayan sun sauke tukunya.

Baba mai unguwa, Baba magini, Hajiya, inna mai ƙosai, da ke innar da ruwa ya shiga gidanki, da samarin da suka yi ta shiga taɓo ba ko dala, na gode, Allah Ya saka da alheri Ya ba 'ya'yanku masu yi musu haƙuri yadda kuka yi mini. Kun bar littafi hannuna bayan duk wannan, ban san da mi zan biya ba.

Katangar inna tana nan da zana har yanzu, mun sa ranar buga tubali da zarar ruwa ya ɗauke an gama girbi, magini ya ce ba zai karɓi kuɗin aiki ba, abin da ya rage masu ɗibar ruwa da masu kwaɓa ƙasa. Duk wanda ke kusa ya zo zaman Lahadi bayan isha'i in rubuta sunanshi.