Kafin a cire furosesa, a fara duba inda aiki ke tsayawa

Shekara huɗu kwamfutar shagonmu ta yi tana ciyar da mu kafin in fara jin haushinta. Aikinmu editin bidiyon biki ne da na walima, sai katin gayyata da kalanda idan sun samu. A 2019 aka haɗa mana ita a nan Kano: furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) Ryzen 5 2600 ta kamfanin AMD, madabod (allon da ake ɗaura sauran kaya a kai) B450, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) giga 8 sanda ɗaya, da faifan ajiya irin mai juyawa. A lokacin ba ta da laifi. Sai wayoyi suka canza, kowace amarya ƙawayenta su turo bidiyon 4K su ce a haɗa da na kyamara, ni kuma in zauna ina kallon hoto yana tsalle-tsalle a manhajar editin Premiere Pro kamar mai ɗingishi.

Tun da AMD ta fito da sabon zubin furosesa, Ryzen 7000, a Satumban 2022 raina ya biya. Na kalli bidiyon gwaji ba adadi, na haddace sunaye da lambobi. A farkon 2024 na tari maigidana da maganar, na ce masa kwamfutar nan ta tsufa, duniya ta wuce ta da zubi uku, gara mu sayi sabuwar furosesa mu huta.

Bai ce a'a ba. Tambaya ya yi: "Furosesar kaɗai za mu saya?"

Na ce, "Oga, sai an haɗa da madabod." Ryzen 7000 a soket AM5 take zama, wato gurbin furosesa a jikin madabod, tamu kuwa AM4 ce, ko kusa ba za ta shiga ba. Ya ce to shi ke nan? Na ce da RAM, domin AM5 ba ta karɓar irin RAM ɗinmu, DDR4, sai sabuwar, DDR5. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe sabuwar kwamfuta kake so a tsohon akwati." A lokacin dala ta haura naira 1,500, alhali shekara ɗaya kafin nan farashin gwamnati bai kai 500 ba, kuma duk kayan nan da dala ake shigo da su, ko a Beirut Road ka saya ko ka aika Computer Village ta Ikeja. Ya ba ni mako guda, ya ce in nuna masa da idonsa wane ɓangare ne yake sa mu jira. Idan furosesa ce, zai nemo kuɗin.

Na ji zafin wannan sharaɗi, don gani nake na riga na san amsa. Amma na buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna nauyin da ke kan kowane ɓangare, na ajiye a gefe, na ci gaba da aikina. Abin da na gani ya kunyata ni. Duk lokacin da hoto ya tsaya, faifan ajiya ne yake kan kashi 100, RAM ta cika maƙil, furosesar kuwa ko rabin ƙarfinta ba ta kai ba. Zaune take tana jiran a kawo mata aiki. Idan RAM ta cika, Windows kan kwashe abin da ya yi saura ta zuba a faifai, faifan kuma allura ce ke yawo a kansa tana neman bayani, ga shi daga kansa ake karanto bidiyon. Jaki ɗaya ne muka ɗora wa kaya biyu, muna zagin mai jiran kayan a kasuwa. Wuri ɗaya kawai furosesar take cika: lokacin fitar da bidiyon ƙarshe. A nan ma na lura fanka tana ihu, saurin yana sauka bayan 'yan mintuna. Da muka buɗe akwatin, ƙurar hunturu huɗu ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga, man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ya zama gari. Furosesa idan ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu gwajin da nake kallo a ɗakuna masu sanyi suke gwada tasu.

Muka sayi SSD, ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, irin NVMe, muka sa RAM sanda biyu masu giga 16 kowace, domin sanda biyu tare suke aiki ta hanyoyi biyu, ɗaya kuwa rabin hanya take amfani da ita. Muka hure ƙura, muka sa sabon mai. Na kuma koyi yin ƙananan kwafin bidiyo masu sauƙi in yi editin da su, sai a ƙarshe manhajar ta koma kan na asali. Tsallen hoton ya tafi. Ko kusa kuɗin bai kai na abin da na nema tun farko ba.

Fitar da bidiyo ne ya rage da nauyi, kuma wannan kam laifin furosesa ne. A nan na gano wani abu da na yi ta tsallakewa saboda idona na kan sabon yayi. Soket AM4 ta daɗe fiye da yadda aka saba: tun Ryzen na farko a 2017 har zubin 5000 duk a kanta suke zama. A 2020 AMD ta fara cewa madabod irin B450 ba za su ɗauki zubin 5000 ba, masu saye suka yi ca, ta janye maganar. Ma'ana, tsohuwar madabod ɗinmu za ta iya ɗaukar Ryzen 7 5700X mai cibiyoyin aiki takwas, wadda ma'aunin wutarta wat 65 ne daidai da tsohuwar, ba tare da an taɓa RAM ko fanka ba. Batun wutar ya fi damun Oga da komai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 muke lissafin kowace lita ta janareta, a Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar masu Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Akwai manyan furosesa da ke iya jan wat 250 su kaɗai idan aiki ya yi zafi. Mu da muke lallaɓa inbata da batir biyu, irin waɗannan ba namu ba ne ko kyauta aka ba mu.

Sai na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Don a rage kuɗi, na ba da tsohuwar furosesar a yi musaya, na dawo da sabuwa na ɗaura. Na danna maɓalli, fankoki suka juya, allo baƙi ƙirin. Madabod ba ta san sabuwar ba, saboda BIOS ɗinta, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, na 2019 ne, kafin a ƙera wannan zubi. Kafin a sa sabuwar ya kamata a sabunta BIOS, kuma da tsohuwar furosesa ake yin hakan, sai dai idan madabod tana da maɓallin sabuntawa ba tare da furosesa ba, tamu kuwa ba ta da shi. Na karanta wannan gargaɗi tun da farko, ɗoki ya sa na wuce shi. Kwana biyu shago a tsaye, ga bidiyon biki uku da muka yi alkawari. Ni na kira mutanen ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, wata hajiya ta ce ta riga ta gaya wa dangin ango ranar da za su gani. Oga bai ɗaga min murya ba, cewa kawai ya yi in je in nemo aro. Wani mai gyara ya ara mana tsohuwar Ryzen, muka kunna janareta muka haɗa da inbata, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS madabod na iya mutuwa gaba ɗaya. Mintunan nan ban iya zama ba.

Bayan wannan na daina kallon lambar zubi a matsayin hujja. Wani zubin tsalle ne na gaske, wani kuwa sabon suna ne da ɗan ƙarin gudu. Zubi na 14 na furosesar kamfanin Intel da ya fito a Oktoban 2023 kusan na 13 ne aka sake wa fenti, a soket ɗaya, LGA1700. A 2024 kuma kamfanin ya amsa cewa wasu furosesa na zubin 13 da 14 suna neman wutar da ta wuce kima har suna lalacewa, ya fitar da gyara ta BIOS, ya ƙara shekara biyu a garanti. A wajenmu, inda mayar da kaya ga kamfani ya fi sayensa wuya, wannan ya sa na fi son abin da ya shekara a hannun mutane, aka san halinsa, farashinsa ma ya sauka.

Ba ina cewa kullum a zauna da tsoho ba. Kwamfutarmu ta biyu, wadda muke buga kati da ita, furosesarta Intel Core i5 ce zubi na 7. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 da gyare-gyaren tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 ta fara karɓa, ban da 'yan kaɗan. Madabod ɗinta ba ta ɗaukar zubi na 8, duk da cewa soket ɗin sunansu ɗaya, LGA1151. Wannan hanya ta ƙare, ba SSD ko RAM da za su buɗe ta. Da na kai wa Oga maganar, ban je da bidiyon gwaji ba. Takarda na rubuta: aikin da take yi, abin da ya hana ta gaba, abin da za mu iya ɗauka daga cikinta mu mayar a sabuwa, da wutar da sabuwar za ta ci. Na ba da shawarar AM5, tunda AMD ta ce za ta riƙe soket ɗin har 2027 ko bayan haka, kuma ƙaramar furosesa ta ishi aikin kati.

Ya amince. Sai farashin DDR5 ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025, muka dakata. Na cire wa tsohuwar kwamfutar igiyar intanet saboda tsaro, aiki ta filas nake kai mata daga babbar kwamfuta, kuɗin kuma yana ajiye a wajen Oga. Duk ranar Asabar ina tambayar farashin RAM in rubuta a bayan takardar nan.