Shafin da ya fi macizaina kwalliya

Sana'ata kiwon macizai da tsaka. Mafi yawan abin da ke ɗakin kiwona ƙananan mesa ne, irin waɗanda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in sun tsorata, sai tsakar nan mai ɗige-ɗige irin na damisa, wadda asalinta busassun yankunan Afganistan da Pakistan da Indiya ne. Mesar kan saka ƙwai shida ko kusa da haka, ni kuma in kwashe in sa a akwatin ɗumi, zafi digiri 31 zuwa 32, in yi zaman jiran kwana 55 zuwa 60 kafin su fasa.

Bara na biya aka yi mini shafin intanet. Bango baƙi wuluk, rubutu kore, da ka buɗe sai wani ƙaton maciji ya taso yana motsi. Ni dai ya burge ni. Na tura wa dattijon da ya koya mini harkar, na zauna jiran yabo.

Sai ga kiransa. "Ɗana, a waya na buɗe, har na ƙosa hoton bai gama fitowa ba. Zabiyar nan da ka sa, yaushe aka ƙyanƙyashe ta? Giram nawa ce? Sau nawa ta ci ɓera?" Na ce, "Baba, duk suna cikin littafina." Ya ce, "To mai saye littafinka zai buɗe?"

Nan jikina ya yi sanyi, don gaskiyarsa ce. Ƙaramar mesa ta yi suna wajen ƙin abinci, kuma wanda ya san ta ba zai ba da kuɗinsa kan jaririyar da ba a tabbatar ta fara ci da kanta ba. Dabbar da kan kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum ba a sayenta don kyan bango.

Hotuna ne suka fi cin lokacinmu. Ya nuna mini guda ɗaya da na ɗauka tana dab da yin saɓa, ido ya yi hazo-hazo, launin jiki ya dusashe kamar an barbaɗa mata toka. Wani kuma a ƙarƙashin jan ƙwan fitila na ɗauka, ruwan ɗorawarta ya fi na zahiri ƙarfi, wanda ya saya zai ce na cuce shi. Yanzu sai ta gama saɓa nake ɗauka, bakin taga, kan farar takarda, ba gyaran launi. Kuma hoton ita kanta, ban da na uwarta.

Matata ce ta kamo abin da ya wuce dattijon ma. Ta tambaye ni mene ne 1.0 da 0.1 da na liƙa ƙarƙashin kowane hoto. Mu masu kiwo mun san na farko namiji ne, na biyu mace, 0.0.1 kuwa ba a tantance ba. Sabon shiga fa? Na rubuta su da kalmomi.

Waɗanda aka sayar na sauke su. Na ƙara layi biyu a kan cewa tawa haihuwar gida ce, ba kamun daji ba, kuma tsallaka iyaka da mesa sai da takardar CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da aka sa wa hannu a 1973. Macijin nan mai motsi ma na cire shi, ko da yake har yau ina ɗan kewarsa.

Saƙon farko da ya shigo bayan gyaran bai tambayi nauyi ko ranar ƙyanƙyasa ba. Cewa ya yi, mai giram 140 ɗin nan, tana nan?