Dajin da barewa ba ta gudun mutum

Tun da na sauka Landan ɗan ƙanwata ke ce min sai ya kai ni daji. Na ce masa ni da na baro Katsina, inda yanzu ko sunan Rugu aka ambata sai kowa ya ja numfashi, ban zo Ingila neman daji ba. Ya ce, “Kawu, wannan dajin har jirgin ƙasa da bas suna kai mutum bakinsa.” Haka kuwa aka yi. Ranar Asabar da hantsi muka hau jirgi zuwa Richmond, a kudu maso yammacin birnin, muka taka muka haura tudu har ƙofar gandun da ake kira Richmond Park.

Babu mai karɓar kuɗin shiga, babu mai tambayar takarda. Na tsaya ina waige-waige ko wani zai fito daga rumfa ya ce a kawo na goro, shiru. Gandun ya kai eka 2,500, kuma katangar bulo ta zagaye shi tun 1637, lokacin da Sarki Charles na Ɗaya ya killace wurin don farautarsa. Hanyar da muka bi, Tamsin Trail, tana bin gefen katangar ne ta zagayo ta dawo inda aka fara, kusan kilomita 12. An daɓe ta da ƙananan tsakuwa, ba laka, ba rami, hawa da gangara kaɗan ne. Mai tafiya a ƙasa, mai gudu, mai keke, mai tura jariri, duk hanyar ɗaya ce. Masu dawakai suna da tasu turbar a gefe, nan da can ta gitta tamu.

Ba mu yi nisa ba ya ja ni wani ɗan tudu, King Henry's Mound. An sare rassan itatuwa an bar wata 'yar kafa, idan ka leƙa sai ka hango ƙubbar majami'ar St Paul can tsakiyar Landan, tazarar kilomita 16. Doka ta hana a yi ginin da zai tare wannan hangen. A birnin da ake sayar da fili da tsadar da ba ta faɗuwa! Na tuna filin Idin unguwarmu da muka wayi gari muka tarar an yanka shi shaguna.

Daga nan itatuwa suka yi sarari, muka fito wani buɗaɗɗen fili na doguwar ciyawa da ta fara ja, a nan na gan su. Barewa ce garke guda, kwance suna tuƙa, mutane na wucewa ko kunne ba su kaɗa ba. Iri biyu ne: ƙanana masu ɗige-ɗige a baya, da manya jajaye waɗanda namijinsu ya fi ɗan maraƙi, ƙahonsa ya yi rassa. Gaba ɗaya sun haura 600. Watan Oktoba lokacin barbararsu ne, shi ya sa wani ƙaton namiji ya miƙe ya ɗaga wuya ya yi wata irin ruri da na ji har cikina. Na matsa zan ɗauki hoto, yaron ya riƙo rigata. “Kawu, mita 50 aka ce a bari tsakani. Wannan idan ya taso ba ya jin Hausa.”

Mahaifina maharbi ne, ya sha kwana a dawa bai ga ko gada ba. Da zai ga wannan, cewa zai yi aljanu ne suka rikiɗa. Da farko na ɗauka tsabar tausayin dabba ne irin na Turawa, ashe lissafi ne. Ba zaki, ba kura, ba abin da ke cin su, don haka a Nuwamba da Fabrairu ana rufe ƙofofi da dare, ma'aikata su harbe adadin da aka ƙayyade, a sayar da naman, kuɗin ya koma hidimar gandun. Su ma suna cin barewar, sai dai ba kowa ne ke ɗaukar bindiga ba.

Abin da ya fi barewar tsaya min a rai itace ne. Manyan kututture busassu a yashe ko'ina, wasu sai mutum uku sun haɗa hannu za su zagaye su. Na tambaya ko ba a samu mai kwashewa ba ne, aka ce da gangan aka bar su su ruɓe, don ƙwari da tsuntsaye su samu wurin zama. Har 'ya'yan itacen da suka zubo an hana tsinta, abincin barewa ne na lokacin sanyi. Ni da na san kuɗin buhun gawayi a gida, ina tafe ina ƙiyasta kura nawa za a cika. Amma ban ga laifin matan ƙauyenmu ba. Wanda gas ke zuwa masa ta bututu har ɗakin girki ba abin da zai yi da kututture.

Mutanen kuwa sai a hankali. Na yi ta sallama ina ɗaga hannu, a yi min ɗan murmushin da bai kai ido ba a wuce. Amma da kare ya haɗu da kare, sai iyayen gidansu su tsaya a tambayi suna, a tambayi shekaru, a yi ta yabo. Wani mai keke cikin matsattsun kaya ya taho ta bayanmu a guje, ba ƙararrawa, ya daka min tsawa wai in kauce, alhali allon da ke gefen hanya ya ce mai ƙafa ne ke da fifiko. Sa'an ɗana ne fa. Na buɗe baki, kafin in haɗa Turancin ya ɓace.

Wata tsohuwa da ke zaune a benci ta ga abin da ya faru, ta kira mu ta ba mu haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ta buɗe fulas ta zuba min shayi a murfinsa, ta gutsura mana kek ɗin da ta toya da kanta. Ita ce ta ba mu labarin Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, wadda ta kulle gandun sai 'yan gaban goshinta, har wani mai sana'ar giya, John Lewis, ya kai ƙara kotu ya yi nasara a 1758, aka buɗe wa talakawa hanya. Muna cikin hira wasu korayen tsuntsaye masu dogon wutsiya suka cika bishiya da ihu. Tsirya ce, irin wadda muke kamawa a kukoki muna yara. Ta ce su a nan baƙi ne, sun yi yawa, sun ishi kowa.

Shayinta ya yi min rana, domin a shagon da ke kusa da ƙofar Roehampton na ga farashin kofi ɗaya, na juya shi zuwa naira, na ce ƙishirwar ta wuce. Ban-ɗaki ma sai ka manna kati an ciri kuɗi kafin ƙofa ta buɗe.

Sauran hanyar ban riƙe da yawa ba. Akwai hawa ɗaya bayan ƙofar Kingston da ya sa na yi haki. Mun yi azahar a gindin wata bishiya da ruwan gora mai sanyin ƙanƙara, ba wanda ya kalle mu. Jiragen Heathrow na ta wucewa ta kanmu ɗaya bayan ɗaya. Da muka dawo ƙofar Richmond yaron ya sa na duba ƙafafun wandona saboda kaska, sannan muka nemi bas, don gwiwata ta ce ba za ta sauka tudun nan a ƙasa ba.